Kati Takwas, Ɗigo Goma: Shawara ga Wanda Ya Maƙale a Clash Royale

Duk wanda ya daɗe yana buga Clash Royale ya san wurin nan da ake cijewa. Farkon shiga kofuna sai hauhawa suke yi, kana cin uku ana cin ka ɗaya. Sai wata rana abin ya tsaya cak. Ka ci ɗaya, a ci ka biyu, ka farfaɗo, a sake mayar da kai inda ka fito. Mako ya shuɗe, wata ya shuɗe, kana nan a fage ɗaya. Ƙorafin da na fi ji daga matasan da ke cikin wannan hali iri biyu ne: ko su ce abokan karawarsu sun fi su matakin kati saboda sun zuba kuɗi, ko su ce da gangan wasan ke haɗa su da mai maganin rundunarsu. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, zan zo kansa. Amma da za ka miƙo min wayarka in buɗe wasanni biyar daga cikin waɗanda aka ci ka, abin da zan fi gani shi ne almubazzarancin eliksa, da kuma runduna wadda ba a san aikin kowa a cikinta ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Supercell da ke Helsinki, babban birnin Finland, shi ya fitar da shi ga duniya a watan Maris na 2016, bayan Clash of Clans da ya yi suna tun 2012. Mutum biyu ke karawa kai tsaye ta intanet. Kowa na da hasumiya uku, ta sarki a baya da biyu a gaba, ga kogi ya raba fili biyu, ga gada biyu a kansa. Kana shiga da kati takwas, amma huɗu ne kaɗai a hannunka a kowane lokaci, ana kuma nuna maka na biyar da ke tafe. Kowane kati na da farashinsa na eliksa, ruwan nan mai launin shunayya da ke cika a ƙasan allo. Minti uku ake yi. In an yi kunnen doki a ƙara minti biyu, wanda ya riga ka da hasumiya shi ya ci. In har lokacin ba a rabu ba, sai a duba wanda hasumiyarsa ta fi galabaita, shi ya faɗi.

Abu uku nake so ka haddace game da eliksa. Ɗigo ɗaya ke zuwa duk daƙiƙa 2.8, sai a mintin ƙarshe saurin ya ninka biyu, a ƙarshen ƙarin lokaci kuma ya ninka uku. Ma'aunin ba ya wuce goma, saboda haka duk daƙiƙar da ka yi zaune a kan goma ba ka jefa komai ba, zubewa yake yi a banza. Na uku, abin da kake samu shi abokin karawarka ke samu, ba ƙari ba ragi, in ka cire wasu 'yan katuna irin su Elixir Collector da ke tatsar ƙari, da Elixir Golem wanda in ya mutu yake bai wa abokin gaba ɗigo huɗu. Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan wasan. Ku biyun 'yan kasuwa ne da aka bai wa jari iri ɗaya a rana ɗaya, abin da zai raba ku shi ne wa ya sayi abu da araha, wa aka yi wa tsada.

Ga yadda ciniki ke kasancewa. Ya turo Minion Horde, 'yan fuka-fukan nan shida, a kan ɗigo biyar. Ka watsa musu Arrows na ɗigo uku, suka zube gaba ɗaya. Ka ci ribar biyu. Ya saki Skeleton Army na ɗigo uku, ka gangara musu The Log na ɗigo biyu, ribar ɗaya. Ya ɗora P.E.K.K.A ta ɗigo bakwai a bakin gada ita kaɗai, ka kewaye ta da kwarangwal na ɗigo uku alhali ba shi da sihirin share su a hannu: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ga ribar huɗu a aljihunka. Ɗigo huɗu kuwa ba wasa ba ne. Kusan daƙiƙa goma sha ɗaya ke nan na jira, kuma shi ne kuɗin Hog Rider guda. Wato ka samu damar kai hari sau ɗaya alhali shi hannunsa wayam. Ƙwararru ba sa ka da hasumiya da wani gagarumin hari guda. Ribar ɗaya da biyu suke tarawa a tsaro har su ga gibin ya isa, sannan su tsallaka kogi.

Yanzu dubi abin da mai koyo ke yi. An fara wasa, ma'auni ya cika, hannu na ƙaiƙayi. Sai ya dire Giant a bakin gada, ɗigo biyar, ya bi shi da Musketeer, ɗigo huɗu. Tara sun tafi, saura ɗaya. Ɗaya ɓangaren bai yi gaggawa ba. Ya bari Giant ya shigo inda hasumiya ke iya harbinsa, ya ajiye masa Mini P.E.K.K.A a baya tana sara, ya dire Knight a kan Musketeer. Bakwai ya kashe, kuma sau da yawa mayaƙansa biyun nan da ransu za su fita. Su ne yanzu za su juyo su nufi hasumiyar mai koyo, ga mai su yana da abin da zai ƙara musu a baya, shi kuwa wancan yana kallon ma'auni yana jiran ɗigo na huɗu. Kuɗi ɗaya ya yi wa mutumin aiki biyu, tsaro da hari. Wannan kuskuren kaɗai, na zazzage jari a bakin gada kafin a san me ke hannun abokin gaba, ya fi kowane dalili jawo faɗuwa a matsakaitan fagage.

To, mu zo kan haɗa runduna, wadda 'yan wasa ke kira dek. Tambayar farko ita ce: wane kati ne zai karya hasumiya? Akwai mayaƙan da ba sa kula kowa sai gini, kamar Giant, Golem, Hog Rider, Royal Giant, Balloon da Lava Hound. Ko an sa musu mayaƙi a gaba ba za su tsaya faɗa da shi ba, gini kawai suke nema. Akwai masu isa hasumiya ta wata hanya: Miner yana haƙa rami ya ɓullo inda ka so, Goblin Barrel ana jefa ta ta sama ta fashe da goblin uku, X-Bow da Mortar kuma daga naka ɓangaren suke harbi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan dole ya kasance a rundunarka, kuma a kansa za ka gina sauran bakwai ɗin.

Rundunar da na fi gani a hannun waɗanda suka maƙale ba ta da wannan. Za ka tarar da Mega Knight, P.E.K.K.A, Prince, Wizard, Witch, Elite Barbarians, duk a wuri ɗaya, matsakaicin farashi ya haura biyar. Mai ita ya zaɓo duk katin da ya taɓa ba shi wahala ne ya tara. Kowanensu abin tsoro ne shi kaɗai, amma babu ko ɗaya da ba za a iya ɗauke masa hankali da Skeletons na ɗigo ɗaya ba. Ga tsada, ga rashin alkibla. Irin wannan runduna tana cin mai koyo, amma ranar da ta gamu da wanda ya iya ajiye kati a tsakiyar fili, sai ta yi ta zagaye ba ta taɓa hasumiya ba.

Bayan mai karya hasumiya, sai sihiri biyu, ƙarami da babba. Ƙarami irin su Zap, The Log ko Arrows don share 'yan taron dangi. Babba irin su Fireball, Poison, Lightning ko Rocket don kashe masu harbi daga baya, da kuma ƙarasa hasumiyar da ta kusa faɗuwa. Ka lura The Log a ƙasa kawai yake birgima, ba ya taɓa mai tashi sama. Sai masu harbin sama, aƙalla biyu, domin ranar da Lava Hound da Balloon suka taso maka tare, in Musketeer ɗaya ce gatanka kuma aka kashe ta da sihiri, sai dai ka zuba ido. Sai abin tare manya: ko gini kamar Cannon, Tesla da Inferno Tower, ko mai sara da ƙarfi kamar Mini P.E.K.K.A. Sai mai jure duka mai araha, Knight ko Valkyrie ko Ice Golem. Abin da ya rage a cike da kati mai rahusa da zai sa hannu ya riƙa juyawa da sauri. Kati ɗaya na iya riƙe aiki biyu, kuma irin waɗannan su ne masu albarka.

Akwai wata tsohuwar runduna da duk ɗan wasa ya san ta da suna Hog 2.6, ta cancanci a tsaya a kanta domin kowane kati a cikinta na da dalilin zamansa. Hog Rider huɗu, Musketeer huɗu, Fireball huɗu, Cannon uku, Ice Golem biyu, The Log biyu, Skeletons ɗaya, Ice Spirit ɗaya. Jimla 21, a raba takwas, ya ba ka 2.6 da 'yan kai. Babu kati ko ɗaya a ciki da zai ba mutum tsoro. Sirrinta yana cikin yadda hannu ke zagayawa. Duk katin da ka jefa yana komawa ƙarshen layi, kuma sai ka jefa wasu huɗu kafin ya dawo hannunka. Mai wannan runduna zai iya jefa Skeletons, Ice Spirit, Ice Golem da The Log a kan ɗigo shida kacal, sai ga Hog Rider ya dawo. Abokin karawar da ya tare Hog na farko da Inferno Tower, in katunansa masu tsada ne, ba zai iya biyan kuɗin kati huɗu cikin wannan ɗan lokaci ba. Hog na biyu zai zo ya tarar babu gini. Sara biyu ko uku, a koma tsaro, a sake. Haka ake tsinke hasumiya kaɗan-kaɗan.

Kishiyarta ita ce rundunar Golem. Ɗigo takwas ake biya a ajiye shi can bayan hasumiyar sarki, yana tafe a hankali, kafin ya kai gada eliksa ta sake taruwa a jera masa mataimaka a baya. Mai ita yakan haƙura a ci masa hasumiya da duka a minti biyun farko, yana jiran lokacin da eliksa za ta ninka. Akwai kuma salo na uku, na tarko: Goblin Barrel, Princess da Goblin Gang duk The Log ke maganinsu, amma The Log ɗaya ne. Ka jefa shi a kan Princess, sai ganga ta sauka a kan hasumiyarka. Sanin waɗannan salo uku yana da amfani ko da ba za ka riƙe ɗaya daga ciki ba, domin daga kati biyu ko uku na farko za ka iya hasashen sauran abin da ke hannun mutum.

Wacce za ka ɗauka? A nan ra'ayina ya saɓa da na masu bidiyo da yawa. Suna yawan tura mutane ga Hog 2.6 da makamantanta, su kuwa a kan intanet mai ƙarfi suke wasa. Runduna mai araha tana rayuwa ne a kan daidaiton lokaci: Cannon ya sauka rabin daƙiƙa a makare, Hog ya riga ya wuce. In kana wasa da datar waya a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, alamar nan ta rashin sabis tana yawan bayyana a tsakiyar allo, to ka nemi runduna mai yafiya, wadda kuskuren daƙiƙa ɗaya ba zai rushe ta ba. Misali: Giant, Musketeer, Mini P.E.K.K.A, Knight, Minions, Cannon, Fireball da Zap. Jimla 28, matsakaici 3.5. Ba ta da ƙyalƙyali, kuma ba da ita za ka ci gasar duniya ba, amma tana koyar da abin da ya fi muhimmanci: ka tsare gida da Musketeer da Mini P.E.K.K.A, waɗanda suka tsira ka sa musu Giant a gaba su tafi tare. Ƙari a kan haka, duk katunanta daga rukuni biyu mafi sauƙin samu suke, waɗanda 'yan ƙungiyarka za su iya ba ka kyauta.

Wannan ya kawo mu kan matakin kati. Gaskiya ne yana da tasiri. Kowane mataki yana ƙara wa kati kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfi da lafiya, kuma wani lokaci wannan ɗan bambancin ke sauya sakamako ɗungurungum. In matakinsu ɗaya, Fireball ba ta kashe Musketeer, takan bar ta da ɗan numfashi. In Fireball ta fi ta da mataki ɗaya, take za ta faɗi. Saboda haka mai kukan an fi shi mataki ba ƙarya yake yi ba. Sai dai in ka bincika, galibi shi ya jawo wa kansa: duk katin da ya nuna alamar a ɗaga shi sai ya danna, zinari ya watse a kan kati arba'in, babu ko takwas da suka yi ƙarfi. Zaɓi takwas ɗinka ka zuba musu komai. Fara da mai karya hasumiya da sihirai, sai masu tsaro, ka bar irin su Skeletons a ƙarshe tunda aikinsu ɗauke hankali ne, ko a wane mataki suke duka ɗaya ke kashe su. Kuma ka daina sauya runduna duk ranar da aka ci ka sau uku. Wanda ya yi wata uku da runduna matsakaiciya ya fi wanda ke kwafo sabuwa kowane mako, domin ya san abin da kowane katinsa ke iya tarewa da abin da ba ya iyawa.

Batun cewa wasan na haɗa ka da maganinka kuwa, ka sani babu rundunar da ba ta da wadda ke ba ta wuya. Mai X-Bow yana shan wahala a hannun mai manyan masu jure duka, mai Balloon yana shan ta a hannun mai gini da maharba da yawa. Mutum ya fi tuna ranar da ya gamu da maganinsa fiye da ranar da shi ne maganin wani. In ka ga haɗuwar ba ta yi maka kyau ba, rage buri: tsare hasumiyoyinka, ka riƙa tsinkar tasa da sihiri, ka bar shi ya gaji ya yi kuskure.

Inda ake ajiye kati ya kai zaɓen katin muhimmanci. Ka yi faɗa a naka ɓangaren, inda hasumiya ke taya ka harbi kyauta. Gini a tsakiyar fili ake sa shi, tsakanin hasumiyoyi biyu, 'yan taku daga kogi, don ya janyo Hog ko Giant zuwa inda duka biyun za su same shi. In ka manna shi a jikin hasumiya, ka ba abokin gaba damar dukan biyu da Fireball ɗaya. Haka ma Musketeer ko Wizard: kada ka jera su kusa da juna ko a gindin hasumiya. In babban hari ya taso, Giant a gaba da maharba a baya, kada ka ruɗe da ƙaton. Gini ya riƙe shi, kai kuma ka dire Valkyrie ko Knight a kan na bayan, domin su ne masu kisa. Inferno Tower tana ƙara zafi ne muddin ta daɗe a kan abu ɗaya, kuma Zap na mayar da ita farko, kamar yadda yake katse gudun Prince. Sannan ka kiyayi taɓa hasumiyar sarki. Barci take yi har sai an dake ta ko an ka da ɗaya daga cikin na gaba. Fireball ɗin da ta kauce ta shafe ta a minti na farko ta ƙara wa abokin gaba mai tsaro na uku har ƙarshen wasa. Masu wayo ma da Tornado suke janyo Hog ɗinka ya daki tasu da gangan.

Bari in ware wa Mega Knight sakin layi, tunda babu katin da ake zagi kamarsa. Ɗigo bakwai ne, yana dirowa da duka, yana tsalle kan wanda ke ɗan nesa da shi, dukansa na kan mai uwa da wabi ne. Amma ba ya taɓa na sama, kuma dukansa a kan mutum ɗaya bai kai girman jikinsa ba. Abin da ke sa ya yi ɓarna shi ne firgita: mutum ya tara masa ƙananan mayaƙa wuri ɗaya, ya share su da tsalle guda. Ajiye masa Knight a tsakiyar fili, ko ka dire shi dab da shi yadda ba zai samu tazarar tsalle ba, Musketeer na harbi daga gefe can nesa, hasumiya na taimakawa. P.E.K.K.A na cinye shi, Inferno Dragon ma haka. Kuma in ka san mutum na da shi, kada ka tara mayaƙa a bakin gadarsa, abin da yake jira ke nan.

Minti na farko na leƙen asiri ne. Buɗe da abu mai araha: kati na ɗigo ɗaya ko biyu a baya, ko Hog shi kaɗai don ka ga da me zai tare. Abin da kake nema ka sani shi ne mene ne mai karya hasumiyarsa, mene ne maganin naka a hannunsa, wane sihiri yake riƙe da shi. Da zarar ka gane maganin, fara ƙirga. Ya jefa Cannon, to sai ya jefa wasu huɗu kafin ya sake ganinsa. Ba sai ka haddace duka takwas ɗinsa ba, bi sawun kati ɗaya ko biyu kawai, wannan ma ya raba ka da yawancin 'yan fagenka. Eliksarsa ma kimantawa ake yi. In ku biyun kuna kan goma ya ajiye Golem a baya, ka san saura biyu gare shi. A wannan daƙiƙar ka tura hari mai sauri ta ɗaya gadar. Ko dai ya bari a ci masa hasumiya, ko ya kashe abin da ya tanada don rakiyar Golem. Sai dai ka bar wa kanka na tsaro, don ƙaton na nan tafe.

Ka koyi haƙura da ƙaramin duka. Goblin biyu da suka kusa mutuwa sun nufo hasumiyarka, ba sai ka kashe ɗigo huɗu a kansu ba. Lafiyar hasumiya ita ma abin kashewa ce, in dai da lissafi. In kana gaba da hasumiya ɗaya saura daƙiƙa arba'in, babu abin da ya kai ka tsallaka kogi. Ka kuma san adadin da sihirinka ke cire wa hasumiya, wanda ya yi ƙasa sosai da abin da yake yi wa mayaƙa. Lambar tana cikin bayanin katin. Wasanni da yawa sun salwanta saboda mutum ya jefa Fireball yana zaton za ta ƙarasa, hasumiya ta tsaya da saura ƙiris.

Shiga ƙungiya mai rai. Tana ɗaukar mutum har 50, kuma amfaninta ya wuce roƙon kati. A nan ake karawar sada zumunci wadda ba a asarar kofi, kuma ana daidaita matakin katunan kowa. Nemi wanda ke riƙe da rundunar da ta fi ba ka wahala, ka ce ya yi ta buga ka har ka gano bakin zaren. Yaƙin ƙungiyoyi kuma yana buƙatar runduna huɗu ba tare da maimaita kati ba, wato kati 32, don haka bayan takwas ɗinka sun tsaya da ƙafarsu sai ka fara gina na biyu a hankali. A wasan biyu da biyu, allon na nuna maka katin da abokinka ke shirin ajiyewa. Duba kafin ka jefa, kada ku watsa sihiri biyu a kan abin da ɗaya ya isa.

Supercell na yawan gyara ƙarfin katuna, ya shigo da Champions a 2021, ya shigo da katuna masu rikiɗa a 2023, don haka wasu lambobin da na ambata na iya motsawa. Shafin RoyaleAPI na nuna rundunonin da ke tashe, kuma a cikin wasan akwai TV Royale inda za ka kalli manya. In za ka kalli ƙwararre, nemi wasannin Mohamed Light, ɗan ƙasar Masar da ya ci gasar duniya ta Clash Royale League a 2022. Kada ka tsaya kan harinsa. Kalli sau nawa yake tare abu mai tsada da kati biyu masu araha, da kuma lokutan da yake ƙin jefa komai.

Abu uku na gefe. Wasan ba a dakatar da shi in an fara, kuma zai iya kai minti biyar, saboda haka kada ka danna shiga ana dab da tayar da salla, ko Mama na ƙwala maka kira, ko batir na kan kashi uku. Kuma in an ci ka sau biyu a jere, ajiye wayar. Wasa na uku da zuciya ake buga shi, mai zuciya kuwa a bakin gada yake zazzage komai. Kuɗi kuma, ba zan ce wa mai hali kada ya saya ba, amma ɗalibin da zai taɓa kuɗin makaranta don ɗaga kati ya sani abin da zai samu shi ne a tura shi fagen da kowa ke da irin matakinsa, da kurakuransa na jiya.

Ga aikin da zan ba ka na wannan makon. Buga wasa goma da runduna ɗaya, da sharaɗin ba za ka fara kai hari da abin da ya wuce ɗigo huɗu ba sai in daga tsaro ya taso. Bayan kowace faɗuwa buɗe maimaicin wasan, wanda ke nuna ma'aunin eliksarku ku biyu da katunan hannunsa. Nemo daƙiƙar da hasumiyarka ta sha mafi munin duka, ka koma baya daƙiƙa ashirin, ka rubuta a takarda nawa ke gare ka, nawa ke gare shi, da katin da ka jefa a lokacin. In kati ɗaya ya fito a takardar sau uku, ko dai ka sauya inda kake ajiye shi, ko ka cire shi ka sa wani mai irin aikinsa da ya fi araha.